Taubashin Mai Karɓar Haraji

Ranar da Yayana ya sa wa rumfar injin markaɗena kwaɗo, ban yi kuka ba, amma na zage shi a raina har na gaji. Ma'aikacin haraji ne. Su biyu ne kacal a ofishinsu, da babur ɗaya, su ne Gwandu, su ne Maruda, su ne har Kalgo. Na makara da biya ne saboda injin ya lalace na kai gyara. Ya ce, "Ki yi haƙuri, in na ɗaga miki ƙafa za a ce don ƙanwata ce."

To madalla. Amma muna da taubashi a Kalgo, ɗan kawunmu, mai injin casar shinkafa da manyan motoci. Duk sanda Yaya ya je duba harkarsa, tun daga ƙofa zai tare shi da dariya: "Ga bawana ya zo karɓar kuɗin shara tun Cika-ciki bai kama ba." Ya cusa masa ɗan canji a aljihu a gaban ma'aikata, kowa ya kwashe da dariya. Taubashi ba a fushi da shi. Yaya ya mayar da canjin, ya sha fura, ya hau babur ya dawo bai duba komai ba.

A lokacin ana ta muhawara a rediyo kan ƙara ma'aikatan haraji. Yaya ya ɗauki abin da zafi. Ya ce da suna da yawa, da an tura wanda ba ya wasa da mutumin, da ƙarami da babba duk an auna su da mudu ɗaya. Innarmu tana tsince wake ta ce, "Ku biyu ma kun hana 'yata niƙa, ina ga kun zama goma?"

Kafin in haɗa kuɗin in biya a buɗe mini rumfar, matan unguwa sun saba da wani injin. Rabinsu ba su dawo ba har yau, kuma da injin nan nake ciyar da yara.

Bara aka ƙaro musu samari biyu, baƙi, ba su da taubashi a ko'ina. Yaya ya zo da murna ya faɗa mini. Sai dai ba a ƙaro babur ba, Kalgo kuwa da nisa. A ƙafa suka fara aiki, kuma rumfata ce ta fi kusa da ofis.