Sabo Ba Ya Tsallake Kowa

A ɗakin jira na ofishin katin shaida, ga wani mutum kusa da ni, bai fi minti biyar da zuwa ba. Kwamfuta a cinya, tabarau a goshi, riga ta sha guga. Waya yake yi da ƙarfi, da alama ɗalibinsa yake koya wa rubuta manhaja.

"Kai, saurara! Jerin nan sarƙa ne, kowane abu na bayansa kawai ya sani. In za ka ƙara sabo, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka iske na ƙarshe, ka ɗaura shi a nan. Sabo ba ya tsallake kowa!"

Yana faɗa yana kaɗa yatsa. Ina jin a gidansa ko cokula a jere suke kwana. Mu da muka zo tun sassafe har gyaɗa kai muke yi.

Sai ga wani ma'aikaci ya leƙo. Mutumin ya rufe kwamfuta, ya washe baki: "A'a, mutumina! Ya iyali?" Ya ratsa mu talatin, ya shige ciki.

Tsohuwar da ke gabana ta juyo ta dube ni. "Ɗan nan, shi halan ba sabo ba ne?"