Kabarin Kakana a Kan Dutse

Dogon hutun makaranta a tsakiyar damina yake faɗowa, shi ya sa Baba ya zaɓi lokacin. Ina koyarwa a wata firamare a unguwar Mairi cikin Maiduguri, shi kuwa ya yi ritaya daga aikin akawu yana zaune a wurina. An riga an fara jin harbe-harbe a Maiduguri, amma hanyar kudu ba ta rufe ba tukuna. Ya kafe a kan sai mun hau dutsenmu na wajen Gwoza ya nuna mini kabarin mahaifinsa. A gidanmu babban ɗa kaɗai ake nuna wa, shi ma wata rana ya nuna wa nasa. Ba rubutu, ba alama, tsibin duwatsu ne a cikin tsibi barkatai.

Na bi shi ina ƙunƙuni. Wurin kufai ne tun na kaka da kakanni, katangun dutse da aka jera ba laka ba siminti, rumbuna duk sun rufta, ciyawa ta cinye gonakin. Gansakuka ta lulluɓe hanya, santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Sau biyu ina shan ƙasa. Tsoho yana gaba da sandarsa ko haki ba ya yi, malamin makaranta yana baya yana rarrafe.

Saura ƙiris mu kai sai ruwa ya kece. Na shige ƙarƙashin wani ƙaton dutse na zauna abina.

Baba ya ce, "Tashi, ɗana. Ga shi can bayan katangar nan."

Na ce, "Haba Baba, kabari gudu yake yi? Mu dawo da rani mana."

Ya dube ni. Ya haura shi kaɗai a cikin ruwan, ya daɗe, ya dawo jiƙe sharkaf. Muka sauko.

Kafin ranin ya zo 'yan bindiga suka mamaye dutsen. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. Mutanen da ba su taɓa ɗora dutse a kan dutse ba, su ne suka laɓe a bayan katangun kakanninmu suna harbin jikokin masu ginin. Allah ya isa! Sai dai wannan fushin mai sauƙi ne, duk gari ana taya ni. Wanda nake yi da kaina ne ba ni da abokin yi.

Baba bai sake tayar da zancen ba. Ni ma kunya ta hana ni cewa ko kwatance ya yi mini, kullum sai in ce gobe. Bayan shekara uku ya rasu a ɗakina, muka binne shi a nan cikin yashi.

Ranar zaman makoki Gwaggo, ƙanwarsa da ta gudo daga gindin dutsen take zaune a sansanin 'yan gudun hijira, ta kama hannuna a gaban dangi.

Ta ce, "Mun gode Allah, yayana ya sauke nauyinsa kafin ya tafi. Ya gaya mana ka ga kabarin da idonka, har ka ɗora dutsenka a kai. Ranar da hanya ta buɗu, kai za ka je mana."

Ashe haka ya faɗa musu. Ya rufa mini asiri, kuma wallahi na ji haushinsa, yana kwance a kabari na ji haushinsa. Da ya tsinka ni a gabansu tun a lokacin, da sun tasa ni gaba na zauna da takarda ya kwatanta mini lungu-lungu. Sai ya zaɓi ya tsare mini mutunci, ya tafi da wurin a cikinsa.

Gwaggo ba ta saki hannuna ba. Ta rage murya ta ce, "Mu mata ba a kai mu can. Gaya mini wannan kawai, ɗana. Gabas da katangar Babanmu yake, ko yamma?"

Dangi duk sun zuba mini ido. Na ce mata gabas.

Ta gyaɗa kai tana share hawaye. Tun daga ranar take gaya wa jikokinta cewa gabas ne.