Ciwon Bayan Da Ya Sa Aka Ce Na Kawo Sabuwar Sallah

Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da wannan labari a ciki. Alkawari ne ya rufe mini baki. Wanda na yi wa alkawarin ya rasu bana, iyalinsa sun ce in faɗa, to ku gyara zama.

Lokacin shari'a ba ta daɗe da kafuwa a Zamfara ba, ina aikin duba makarantun firamare. Gidana Kaura Namoda, amma kullum ina bisa babur. Yau Shinkafi, gobe Zurmi, jibi wani ƙauyen da hanyarsa ko jaki sai an lallashe shi.

Ciwon ya fara da ɗan tsami a ƙugu. Na ce gajiya ce. Matata Rabi ta yi ta shafa mini man zafi har yara suka daina zama kusa da ni.

Wata Juma'a na yi sujada. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni ko motsi. Mutum biyu suka ciccibe ni.

Daga ranar na koma sallah a kan kujera, ban ko cika shekara arba'in ba. Wallahi na yi kuka. Ba zafin ne ya fi cina ba, tsoron kada goshina ya daina taɓa ƙasa har abada.

Aka tura ni asibiti Gusau. Layi tun da sassafe, gwajin jini, hoton baya. Ragon layyarmu a nan ya tafi. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Wani abu ya goce a ƙashin bayanka ya danne jijiya. Ko ka yi motsin da za a koya maka kullum ba fashi har wata shida, ko mu sa wuƙa."

A sashen gashin ƙashi wani likita da ya yi karatu a Indiya ya koya mini motsin, ya ce can yoga suke ce masa. Ka kifa ciki ka ɗaga ƙirji. Ka dafa ƙasa ka tura ƙugu sama. Ka durƙusa ka aza goshi ƙasa ka yi ta numfashi.

Mahaifina malami ne, sai da na tambaye shi ko ya halatta. Ya ce, "Akwai sunan da ake ambata?"

Na ce, "Babu, Baba, sai nishi."

Ya ce, "To magani na. Amma ka rufe ƙofa."

A gida da sauƙi. A hanya ake yin ta. A Shinkafi cikin ɗakin ajiya na yi, tsakanin buhunan shinkafa, ɓera na kallona.

Sai aiki ya kai ni wani ƙauye gaba da Gurbin Bore, aka sauke ni a zauren da ba shi da ƙyaure. Hantsi ya yi, na leƙa, ba kowa. Ba ni da abin shimfiɗa sai sallayata. Na shimfiɗa ta, kuma saboda sabo, na fuskanci gabas. Ku ji wauta!

Kafin azahar aka aiko wai liman Malam Garba na kirana. Na tarar da dattawa sun cika ƙofar gidansa. Wani tsoho ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, da idona na gani. Ruku'unai ƙugu sama, kai ƙasa. Sujadatai kuwa har na kai shanu rafi na komo bai tashi ba. Kuma ko kabbara babu!"

A wancan lokacin a ce ma'aikacin gwamnati na yawo da sabuwar sallah ba abin dariya ba ne. Na yi bayani, na fito da takardun asibiti.

Liman ya ce, "Gwada muna."

Haka na kifa ciki gaban dattawa, da babbar riga, ina nishi.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wagga ba sallah ta ba, jinya ta. Amma kai ma, Malam sufeto, duk faɗin duniya ka rasa inda za ka duba sai gabas?"

Da aka watse ya riƙo hannun rigata, ya rage murya, ya dafa ƙugunsa. "Wanga da aka ɗaga ƙirji, shina maganin nan wurin? Shekara biyu ke nan gajerun surori nika ja. Jama'a na ta yabona wai ina tausayin tsofaffi. Bayana na, ɗana. Kada kowa ya ji."

Daga nan duk zuwana muna bayan rumbunsa, a kan tabarma, mun fuskanci arewa. Na ce masa ya ga likita tukuna, ya je, aka ce ya ci gaba.

A wata na shida likita ya sa na sunkuya na miƙe, ya ce, "Wuƙa ta fasa." Juma'ar da ta biyo na bar kujera a gida. Da goshina ya taɓa ƙasa na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya fara shirin ciccibata. Wannan karon ni na ga dama.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitocin nan, da Rabi da ta sha ɗawainiya, da Baba, Allah Ya jiƙansa.

Masu ciwon baya, kada ku tsaya ga man zafi, ku je asibiti da wuri. Kada ku kwaikwayi motsin wani sai likita ya duba ku. In an ba ku, kada tafiya ta sa ku fashi. Ku tafi da tabarmarku daban, ku nemi ɗaki mai ƙyaure, ku bar gabas ga sallah.

Malam Garba kuwa ya warke sarai, ya koma jan dogayen surori, ya shekara ashirin yana tsayar da garin nan a asuba har ƙafafu su yi sanyi. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Mutanen garin, ni ne na ja muku. Ku yafe ni.