Wa Zai Haƙa wa Baba Tiya?

Kafin rana ta yi zafi yakan bi gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin audugarmu, ya duba ƙofofin ruwa, ya tsaya ƙarƙashin aduwa ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa. Daga nan sai ya biyo ta maƙabarta ya gyara shingen ƙaya inda awaki suka ɓarke. Ba wanda ya ɗora masa wannan na ƙarshe. Sunansa Butrus Tiya, mutumin duwatsun Nuba, Kirista ɗaya tilo a ƙauyenmu na Hausawa, kusa da garin Hajj Abdalla, nan Jazira. Ya zo cirar auduga a 1948, aka ba shi gadin ruwa, ya koyi Hausa har yana yi mana gyara. Bana, 1971, ya ajiye aiki, ƙafafunsa sun kumbura, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya.

Duk wanda ya taɓa saran ƙasar Jazira ya san halinta. Da rani baƙar lakar nan takan bushe diga ta riƙa tsalle, da damina ta kama shebur ta ƙi saki. Mu kuma, a faɗi gaskiya, mun fi ƙwarewa wajen zaman makoki da shan shayi. Da an ji kuka a wani gida, Baba Tiya ya riga kowa zuwa maƙabarta da tulun ruwa, ya jiƙa wurin, ya fara sara. Ba ya wankan gawa, ba ya yi mata salla, ya san iyakarsa. Amma ya koyi yadda ake fuskantar da kabari alƙibla, da yadda ake fitar da lahadi, ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci, har Liman Attahiru ya daina zuwa dubawa.

Mairo, matar marigayi Almu, ba ta manta shekarar da zazzaɓi ya shiga bukkokin masu cirar auduga ba. Baƙi ne, wasunsu maniyyata da suka tsaya neman guzuri, ba dangi ba sani. Ta ce da idonta ta ga ya haƙa huɗu a yini guda, na huɗun na mijinta ne, tafin hannunsa yana jini. Ta ce masa, "Baba, mi ya kai ka ga wanga aiki? Ba addininku ɗaya ba." Ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗiyata. Wanda nake bi, shi ma kabarin wani aka ba shi. Ba ni iya ganin baƙo ya rasa wuri."

Mu ba haka muka yi imani game da Annabi Isa ba. Ya sani, mun sani, kuma ba mu taɓa ɗaga wa juna murya a kai ba.

Kai ne, Baba Tiya, ba ka taɓa buɗe wa mai baki ruwa ka hana mai shiru ba. Kai ne ranar Lahadi kake zama kai kaɗai a inuwa kana waƙoƙinka da harshenku, amma in an yi rasuwa ka tashi ka ɗauki diga. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba, mun dai ga addininka a hannunka.

Watan jiya na je gaishe shi. Muna cikin hira ya ce, "Alhasan, in tawa ta zo, ina za ku sa ni?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ai da saura. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, damina ta kusa. Mota ba ta iya zuwa birnin Madani cikin laka, can coci yake. Gida kuwa ba ni da kowa."

Na kai maganar gaban dattawa. Liman Attahiru ya ce cikin shingen ba zai yiwu ba, kuma ya faɗa ne idonsa a ƙasa. Gonakin kuwa na hukuma ne, ba mai ikon ba da taku ɗaya. Wani ya ce a bari sai lokacin ya yi. Wannan ce ta fi tayar mini da hankali, don na san mu: ranar za ta zo, a tsaya ana musu gawa na kwance. Ko yadda ake binne Kirista ba mu sani ba. Shekara ashirin da uku yana koyon namu, ba wanda ya taɓa tambayarsa nasa.

Baba Tiya, mun gode. Na gode don mahaifina, wanda ka haƙa wa cikin ruwan sama.

Ku kuma 'yan'uwana, akwai fili bayan shinge, gindin aduwar da yake addu'a, kuma Liman ya ce bai ga laifi a nan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, mu haɗu mu tsayar da magana. A samu mai zuwa Madani ya tambayo limamin coci yadda suke binne nasu tun hanya na biyuwa. Kowa ya zo da digarsa, mu zauna gaban tsohon nan ya nuna mana yadda ake jiƙa ƙasa tun yana iya nuni.

Jiya ya sake tambayata ko an samu wurin. Na ce ana magana. Ya gyaɗa kai, ya ce kwayyis, wato ya yi kyau, ya juya yana kallon bango. Ba na so in sake ba shi wannan amsa.