Akwatunan Tagwaye na Tcholliré

Mun tashi da asuba daga Garoua, ni da kawuna mai fataucin shanu. Tun kan gadar Binuwai zuciyata ba ta kwanta da tafiyar ba. An ce masa wani mutum a Tcholliré na sayar da akwatuna biyu masu aika saƙo ba rezo, wato ko babu sabis na waya, da ilimin "kwantum". Makiyayan kawu na can dajin Rey Bouba, inda waya ba ta shiga, ɓarayi kuma suna shiga. Ni malamin kimiyyar fizik ne a lise, babbar sakandare, shi ya sa ya jawo ni.

A Ngong muka karya da kifin Lagdo, wanda kuɗinsa ya fi namansa yawa. Daga Guidjiba muka bar babban titi, ramuka suka karɓe mu. Kowane shingen jandarma sai an juya katin shaidarmu gaba da baya kamar jabu.

Mutumin ya tarbe mu da gaisuwar Fulatanci, "Jam na?", da kwat mai sheƙi. Ya ajiye akwati ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida. Ya danna maɓalli, fitilun duka biyun suka kawo ja. Ya sake, duka kore. Kawu ya yi kabbara.

Gaskiya ne akwai ƙwayoyin zarra da ake sarƙewa, in an auna su sakamakonsu ya dace komai nisa. Amma babu mai zaɓen abin da zai fito, kuma ba a sanin sun dace sai an haɗu an gwada. Saƙo ba ya bi ta nan.

Na ce, "Malam, ba ni ɗaya in zaɓi ja da kaina."

Ya ce, "Ai ba a tilasta musu."

Kawu ya gyara zama. "To ranar da aka kore min garke, yaya makiyayina zai gaya min?"

Mutumin ya shiga zuba Faransanci. Kawu ya jawo takalmansa.

Da muka dawo, muna shigowa unguwa da magariba, kawu ya juyo gare ni. "Ɗana, ka iya rushe na wani. Naka fa?"

Na gane cewa kama maƙaryaci ba wuya. Shanun kuwa suna nan a daji, kuma har yau sai an hau tudu ake kiran gida.