Ranar da Gwaggo Ta Sa Na Saki Igiya

Ko zan manta komai a duniya, ban da wata la'asar ta bazara a tsakiyar dam ɗin Watari. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ni manomi ne ɗan manomi, ban gaji ruwa ba, ko iyo ban iya ba. Albasar rani da nake yi a tsallaken dam ce ta sa na nemi wani tsohon kwalekwale, don zagayawa ta tudu akwai nisa. Wata biyu kacal ina tuƙi, sai na fara jin kaina wani sarkin ruwa. Abin tsayar da jirgin kuwa wani ƙaton dutse ne da na ɗaura wa igiya. In zan tsaya sai in zura shi har ya taɓa ƙasa, in ja igiyar ta miƙe, in ƙulle, ragowar in naɗe ta a gefe. A tunanina haka ake yi, tunda akuya ma in ka ba ta doguwar igiya gonar mutane za ta faɗa.

Ranar na ɗora buhu huɗu ina shirin turawa, sai ga gwaggona, yayar mahaifina, ta fito daga gaisuwa a wani ƙauye. 'Yar firit ɗin tsohuwa ce mai shiru-shiru. Ta daɗe tana aure can cikin masunta, sai da mijinta ya rasu ta dawo gida.

"Ɗan nan, rage mini hanya mana."

"Bismillah Gwaggo. Amma ki zauna a kan buhu, kada ki motsa, ruwa ba wasa ba ne."

Ji wauta fa! Ita dai ta dubi gabas, ta dube ni, ta shiga ta zauna a kan buhun.

Mun kai tsakiya ke nan gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in yi wani tunani iska ta iso, ruwan da ke kwance lumui ya miƙe tsaye yana toroƙo. Tuƙi ya gagara. Iskar ta kama tura mu yamma, wajen wasu manyan duwatsu da janyewar ruwa ta bari a fili. Na san in muka bugi duwatsun nan jirgin dagargajewa zai yi, ga ni ban iya iyo ba, ga tsohuwa a wuyana.

Na wurga dutsen tsayar da jirgin, ya taɓa ƙasa a gaba uku, wato miƙon hannuwana sau uku, na ƙulle tamau yadda na saba. Wayyo Allah! Duk sanda ruwa ya ɗaga mu sai igiyar ta finciko goshin jirgin ƙasa, ruwa ya kwararo ciki. Dutsen kuma ina jin sa yana tsalle a ƙasa yana bin mu. Ni kuwa sai ƙara jan igiyar nake ina salati.

Sai na ji wata murya da ban taɓa sanin Gwaggo na da ita ba.

"Kwance ƙullin nan! Sakar masa igiya!"

"Gwaggo, duwatsu za mu buga!"

"Na ce saki! Kai ne za ka nutsar da mu, ba iska ba!"

Na kwance, gaba shida da suka rage suka sulale. Ashe ita tuni ta sauko daga kan buhun, ta warware doguwar igiyar da na ɗaure kaya da ita. Cikin ƙiftawar ido ta haɗa su da wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba, ta ce in riƙa saki a hankali. Jirgi ya dinga ja da baya, duwatsu na matsowa, har ina ganin kumfa na fashewa a kansu. Wallahi na sadaƙar.

Can sai igiyar ta miƙe a kwance, doguwa, ta shige ruwa can nesa. Jirgin ya yi wata 'yar girgiza, ya juya goshinsa ya fuskanci iska, ya tsaya cak. Ruwa ya taso, muka hau, ya wuce, muka sauka. Wani ya taso, muka hau. Ko cokali bai ƙara shigowa ta goshi ba. Sama na tsawa, dam ɗin gaba ɗaya na tafasa, mu kuwa muna lilo a wuri guda kamar jariri a goye. Na saki baki ina ta "Allahu Akbar", hawaye na haɗuwa da ruwan sama a fuskata. Ban taɓa jin ƙanƙantata a gaban ikon Allah irin ta ranar ba.

Gwaggo tana kwarfe ruwa da kwanon da ta kai abincin gaisuwa, ta yi mini bayani kamar muna tsakar gida. Ta ce gajeriyar igiya ɗaga dutse take yi, doguwa kuwa jan sa take a kwance har ya ciji laka. In zurfi gaba uku ne, ranar lafiya a ba shi tara, ranar iska ashirin ma ba ta yi yawa ba.

Da hadari ya wuce muka kai gaɓa, na durƙusa zan yi godiya. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Tashi ka je ka baza albasar nan kafin ta ruɓe." Ta kama hanyar gida abinta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in tsoro ya kama mutum ƙanƙamewa yake sa shi yi, kuma wani lokacin ƙanƙamewar ce take kashe shi. Da ƙarfina da jirgina na kusa hallaka mu biyu. Muna raye ne don Allah ya sa na ji maganar tsohuwa, na buɗe hannuna a daidai lokacin da zuciyata ke cewa in damƙe.