Madam Ta Riƙe Mini Gabas

Har yau, idan masu garka na nan unguwar Gudel suka yi ban ruwa da yamma, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo mini ɗaki, sai in tsinci kaina a bencin ƙarshe na ajinmu, jikin taga, idona a gabas.

Shekarun fari ne, soja ke mulki. Rediyo ba ta rabuwa da badujala, manyan motoci kuma suna sauke jar dawar taimako, wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a wuya. Babana ma'aikacin gwamnati ne da aka kawo Yamai daga Tawa. Lokacin ne kakana ya iso mana daga ƙauye, shanunsa sun ƙare, yanar ido ta rufe masa gani, ba abin da ya rage masa sai sanda da tsokana. Amarya yake kirana, ni kuma in ce Allah ya kiyashe ni da ango marar haƙori.

Wata safiya ya kama hannuna ya ce, "Amarya, idona ya tafi, ara mini naki. Ki riƙa duba mini gabas. Ranar da hadari ya haɗo ke za ki faɗa mini, in koma in yi shuka."

Kada ka yi mini dariya, ni ban ɗauki maganar wasa ba. Na sa a raina cewa idan na kau da kai, hadarin zai zo ya tarar ba mai jiransa, ya yi fushi ya wuce. Mushe, malamin ajinmu, yana ta rubutu a tablo, babban allon aji, ni ina can sama. Idan ɗan farin gajimare ya gifta, sai in ga farar saniyar kakana tana tafe a hankali, tana neman hanyar gida. Na sha bulala, na sha durƙuso, ban daina ba. Ga shi na riga na maimaita aji sau ɗaya. Direkta ya aika wa babana cewa idan na sake faɗuwa jarrabawar ƙarshen shekara, kora ce. Tsoro ya cika ni, don ina son lakwal, wato makaranta.

Akwai wata malamar ƙaramin aji, Bazabarma, Madam kawai muke ce mata. Idan an fita hutu takan zauna gindin bishiyar bedi da faifan zogale, ta kira yaron da ya gagari malamai ya taya ta tsinke ganye. Ba ta faɗa, ba ta wa'azi. Hannu na aiki, baki ya buɗe don kansa. Kuma ko da yake an hana mu kowane yare sai Faransanci, a gindin bedin nan da Hausarta ta kasuwa take mana magana. Na daɗe ina taya ta tsinkar zogale, kafin wata rana ta bi idona da kallo ta ce, "Ɗiyata, mi kike gani can?"

Kowa tambayata yake me ya hana ni kallon tablo. Ita kaɗai ta tambayi abin da nake kallo. Sai na fashe da kuka, na faɗa mata duka.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wannan aiki ya hi ƙarhin mutum guda. Mu raba. Daga an shiga aji har a tashi, gabas tawa ce. In an tashi ki amshi abinki."

Ta roƙi Mushe ya mai da ni bencin gaba. Ta je har gida ta gaida kakana, ta nemi izininsa ta riƙe mini gabas. Sai ran nan tsohon ya san abin da wasansa ya jawo, ya ce ya yarda, amma amarya ce za ta kawo labari. Kullum aka tashi sai Madam ta tare ni ta ce, "Yau ba kowa, sai shirwa." Da haka haruffa suka dawo mini, lissafi ya biyo baya.

Ranar jarrabawa ina cikin lissafi sai na ga takardata ta yi duhu. Iska mai sanyi ta taɓa mini ƙeya. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye, amma na danne, na gama, na miƙa. Ina fita na tarar da Madam tsaye a fili, iska na kaɗa zanenta, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Ta ce, "Ya zo yana nemanki, na ce ya dakata kina rubutu. Ruga!"

Na ruga ba takalmi. Kakana na zaune a ƙofar gida, fuskarsa a sama. Ya riga ya ji ƙamshin tun kafin in iso, na sani, amma ya bari na faɗa, ya ce, "Da gaske, amarya?"

Na ci jarrabawa. Shi kuwa bai koma ya yi shuka ba, a Yamai muka rufe shi cikin daminar nan.

Yanzu makarantar jikata tana da mai ba yara shawara, da ofis da fanka, kuma na ji daɗin haka. Fatana dai ya riƙa tashi daga kujera yana duba abin da yaro ke kallo. Ni da na zama malama, haka na yi har na ajiye alli. Kuma har gobe idan hadari ya haɗo, ko ba kowa a ɗakin, nakan ɗaga murya in ce, "Kaka, ya zo."